Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano: A Bari Mu Ga Doka Kafin Ta Kama Mu



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan majalisa, na rubuto ne a kan yadda ake gindaya wa mutanen birnin Kano ƙa'idojin zaman gari, da yadda ake tilasta musu bin su. Ƙananan dokokin nan nake nufi, waɗanda ba su cika shiga kanun labarai ba sai ranar da aka yi rigima: inda mai tireda zai kafa teburinsa, titin da ɗan adaidaita sahu zai bi da wanda ba zai bi ba, ƙarfe nawa za a fito ranar tsaftar ƙarshen wata, inda za a zubar da shara, taku nawa mai gini zai ja baya daga bakin titi. Mutum zai iya gama rayuwarsa bai taɓa shiga babbar kotu ba, amma waɗannan kullum yana karo da su, tun daga ƙofar gidansa har bakin rumfarsa. Abin da ya dame ni shi ne yawancinmu ba ma sanin dokar sai a ranar da ta kama mu.

Kai ma ka san yadda abin yake zuwa. Sanarwa ce a rediyo bayan labaran dare, ko takarda mai hatimi da ke yawo a WhatsApp, a ce "daga gobe" ko "daga ranar Laraba". Gari na wayewa jami'ai sun tsaya a shataletale. Wanda ya ji ya ji, wanda bai ji ba zai ji a jikinsa.

Ka tuna ƙarshen watan Nuwamba na 2022. Aka sanar cewa an hana 'yan adaidaita sahu bin wasu manyan tituna, ciki har da wanda ya tashi daga Tal'udu ya miƙe hanyar Gwarzo, bisa hujjar cewa gwamnati ta kawo manyan motocin haya da za su maye gurbinsu. Wanda ya san wannan titi ya san abin da ke kansa: Kabuga, Rijiyar Zaki, sabuwar Jami'ar Bayero, da unguwannin da ke ɓullowa dama da hagu, waɗanda mutanensu ba su da abin hawa sai adaidaita. Ranar da dokar ta fara aiki ɗalibai da ma'aikata da mata masu goyo suka cika bakin titi, motocin da aka ce za su ɗebe su ba su wadatar ba, wasu suka kama hanya a ƙasa. Ba a yi kwana biyu ba aka janye. Da an tara shugabannin direbobin da wakilan unguwannin mako biyu kafin nan, an tambaye su mutum nawa ke bin titin da safe, da lissafin ya fito fili ba tare da an wahalar da kowa ba.

Kafin wannan ma an ga irinta har sau biyu. A watan Fabrairun 2021 'yan adaidaita suka ajiye aiki saboda harajin naira ɗari na kullum da hanyar biyansa. A Janairun 2022 suka sake ajiyewa saboda kuɗin sabunta takardar izini na naira 8,000. Garin ya tsaya cak, kasuwanni suka yi sanyi, yara suka rasa zuwa makaranta. Duka biyun yadda suka ƙare ɗaya ne: aka kira zama, aka saurari juna, aka yi sassauci. To wannan zaman da ake yi bayan an sha wuya, shi nake roƙo a mayar da shi gaba, a yi shi tun dokar tana kan takarda. Direban da ke biyan balas kullum ga mai mashin ya fi kowa sanin abin da ƙarin naira ɗari zai yi wa cefanen gidansa, kuma bai kamata sai ya hana gari motsi ba kafin a tambaye shi.

Ba na musun cewa akwai ranar gaggawa. A watan Janairun 2013, da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero hari, kwanaki kaɗan aka hana acaɓa a cikin gari. Dubban matasa sun rasa sana'a, an ji zafi, amma kowa ya ga dalili da idonsa, jini ne ya zuba. Irin wannan rana ba ta jiran taron jin ra'ayi. Sai dai tebur a bakin titi da harajin tikiti da ranar shara ba su cikin wannan sahu, babu abin da zai lalace idan aka ba su wata guda ana tattaunawa.

Ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin kundin tsarin mulki, amma bari in faɗi abin da ke ciki domin masu karanta wannan wasiƙa tare da kai. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, ya ce ba za a hukunta mutum da wani laifi ba sai in an fayyace laifin, an kuma faɗi hukuncinsa, a cikin rubutacciyar doka. Rubutacciyar dokar nan ita ce wadda majalisar tarayya ko ta jiha ta yi, ko ƙa'idar da aka fitar a ƙarƙashin ikon da irin wannan doka ta bayar. Furucin kwamishina a gaban 'yan jarida bai kai wannan matsayi ba, haka ma umarnin shugaban hukuma, haka ma na gwamna kansa. An gwada wannan a Legas. Wata mata, Faith Okafor, an kama ta tana tafiya da safiyar ranar tsafta, aka ci ta tarar naira 2,000. Ta bi shari'a har Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a 2016 ta yanke cewa umarnin gwamna na hana zirga-zirga ba doka ba ne, don haka ba a hukunta mutum a kansa. Mu ma nan muna da tamu Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, da kotun tafi-da-gidanka a bakin titi. Ina cikin masu son a ci gaba da ita, don wanda ya ga yadda kwatocinmu ke toshewa da leda a farkon damina ba zai ƙi ranar yasa ba. Roƙona a fito da sashen dokar da ta tsaya a kai, a buga shi kowa ya gani: wa aka hana fita, wa aka keɓe, nawa ne tarar. Mai kai matarsa asibiti da ma'aikacin jinya da ke dawowa daga aikin dare su san matsayinsu tun daga gida, kada ya zama sai abin da jami'in da suka tarar ya ga dama.

Akwai wani mai shayi a bakin layinmu, dattijo, ya shekara da shekaru a wurin. Wata safiya mota ta tsaya, samari masu kayan sarki suka sauko, suka ɗaga teburin da gwangwanayen madara a kai, suka haɗa da bencin da tukunyar ruwan zafi. Burodin da ya jera ya zube a ƙasa, yana tsincewa yana kakkaɓe shi da gefen rigarsa. Da ya tambaya wace doka ya karya, amsar da ya samu ita ce "umarni ne daga sama". Ya bi su ofis, aka faɗa masa wani kuɗi, ya roƙa, aka rage, ya biya, ba a ba shi ko guntuwar takarda ba. Bayan kwana biyu ya dawo da teburinsa daidai inda yake, kuma har yau yana nan. Ka duba abin da aka samu a wannan aiki. In teburin yana tare hanya ne, har yanzu yana tarewa. In ba ya tarewa, an zalunci bawan Allah. Kuɗin kuma babu wanda zai iya nuna inda ya shiga. Shi kuwa abin da ya koya shi ne ya riƙa ajiye wani abu a gefe saboda ranar da motar za ta dawo, kuma duk masu sana'ar layin sun koyi wannan darasi tare da shi.

Abin mamakin shi ne, yawancin waɗannan lamura tsarin mulki ya riga ya faɗi mai su. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, lasisin keke da kura, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, takwas ne suka haɗu suka yi birnin: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowace tana da kansiloli da aka zaɓa daga mazaɓu, kuma aikin kansila na asali shi ne ya zauna a zaure ya yi wa yankinsa dokokin cikin gida, ya duba yadda ciyaman ke kashe kuɗi. Ka sa a tambayi mutum ashirin a Kurna ko Ɗorayi ko Hotoro yaushe kansilolinsu ke zama, a wane ɗaki, kuma wace doka suka yi bana. Mun san kansila a wurin ɗaurin aure da rabon taki da neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. A matsayin mai yin doka kuwa, ba mu san shi ba.

Da wannan gurbi ya zama fanko, hukumomin jiha ne suka cike shi: KAROTA a kan titi, REMASAB a kan shara, KNUPDA a kan gini, Hisba a nata fagen. Akwai hikima a ciki, domin gari ɗaya ne ko da an yanka shi takwas. Mai kurar da ya ɗauko dila daga Kantin Kwari zai kai Kurmi ya tashi daga Fagge ya shiga Birni da Kewaye cikin 'yan mintuna, ba zai yiwu ƙa'ida ta sauya masa a tsakiyar hanya ba. Amma shugabannin waɗannan hukumomi naɗa su ake yi, ba mu muka zaɓe su ba, ba kuma za mu iya sauke su ba. Majalisarku ce ta yi dokokin da suka kafa su, ita ce ta ara musu ikon fitar da ƙa'idoji. Wanda ya ba da aro yana da haƙƙin ya ga abin da ake yi da kayansa. Sannan tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, maganar yadda kansiloli ke yin doka ta daina zama ƙaramar magana. Sashe na 7 ya ɗora wa dokar jiha tsara yadda ƙananan hukumomi ke aiki. Shi ya sa wannan wasiƙa ta zo teburinka, ban kai ta gidan gwamnati ba.

Dattawanmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e. Zai shigo gida da sallama, ya buɗe randa, ya sa moɗa ya ɗebo ruwa ya ɗaga wajen haske yana neman tsutsar sauro, ya leƙa makewayi, ya duba kwata. Mata na jin an ce ga shi nan a layin baya sai ka ga ana ta wanke tukwane. Ba ina yabon wancan zamani ba ne gaba ɗaya, an yi bulala, an yi ɗauri ba bisa haƙƙi ba, kuma 'yan jam'iyyar NEPU sun sha wuya kafin a rage wannan. Abin da nake ɗauka daga ciki guda ɗaya ne: umarni yakan sauko daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, mai shela ya zaga lungu-lungu, har tsohuwar da ba ta fita ta san abin da duba-gari zai duba kafin ya iso. Yau muna da gidajen rediyo fiye da goma a garin nan, da waya a kowane aljihu, da masu unguwannin nan dai suna nan, amma mai sana'a bai san iyakarsa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen gini. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa suna nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Bene ba ya tsirowa dare ɗaya kamar naman kaza. Sai an haƙa tushe, an kawo rodi da siminti, an yi watanni ana aiki a gaban kowa. Idon da ya hango teburin mai shayi bai hango wannan ba. A watan Yunin 2023 kuma sabuwar gwamnati ta shiga rusau, shagunan Filin Idi na cikin waɗanda suka tafi. Ni a ra'ayina bai kamata a taɓa yanka filin Idi ko harabar makaranta ko jikin ganuwa a yi shaguna ba tun farko. Amma waɗanda suka saya da takardun gwamnati a hannunsu suka saya, shi ya sa Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wata gwamnati ta sayar, wata ta rushe, baitulmalin talakawa ya biya. Da akwai doka bayyananniya mai lissafa filayen da ba a taɓawa, da taswirarsu a manne inda kowa zai gani, da sharaɗin cewa ba a sauya wa irin wannan fili aiki sai an kawo gaban majalisa a bainar jama'a, da mai sayarwa ya ji nauyi, mai saye ma ya yi hattara.

Dokar hana bara ma tana nan tun 2013, aka sake shelanta hanin a 2020, kuma yaran suna nan a kowace danja da robobinsu. An hana abu ba a tanadi inda mutanen za su nufa ba, sai a yi kame na mako biyu a gaji.

Majalisa da kanta ta ɗanɗana abin da gaggawa ke jawowa. Dokar masarautu ta watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, a watan Nuwamba babbar kotun jiha ta soke ta saboda ba a bi ƙa'ida ba, sai da aka sake sabuwa a Disamba. A Mayun 2024 aka warware ta da irin wannan saurin. Ba na shiga maganar wa ke da gaskiya a rikicin sarauta, ba ita ta kawo ni ba. Na kawo ta ne don in ce matakan nan da aka shimfiɗa, karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, sauraron jama'a, karatu na uku, sa hannu, an yi su ne don a samu lokacin da wanda abin zai shafa zai ce uffan.

Ga abin da nake roƙo, Ranka ya daɗe. A yi doka guda ɗaya gajeriya wadda za ta hau kan kowace hukumar jiha da kowace ƙaramar hukuma, ta ce duk ƙa'idar da za ta kai ga kama mutum ko kayansa ko cin sa tara, sai an fitar da daftarinta kwana talatin kafin ta fara aiki, an yi zama aƙalla ɗaya a buɗe a yankin da abin ya shafa, an kuma ajiye kwafinta a gaban majalisa. A bar ƙofar gaggawa saboda tsaro da annoba, amma a sa mata wa'adi, in ya cika ba a kawo ta zaure ba ta faɗi da kanta.

Maganar harshe kuma ina so in tsaya a kanta. Gazet da Turancin lauyoyi ake buga shi, kuma ko lauyan sai ya sha yawo kafin ya samu kwafi. Mutanen da waɗannan ƙa'idoji suka fi shafa, 'yan garuwa, masu kura, mahauta, masu awara da ƙosai, direbobi, da Hausa suke rayuwa, da yawansu kuma ajami ya fi musu sauƙi a kan boko. Sashe na 97 ya ba majalisa damar gudanar da aikinta da harshen jiha bayan Turanci, don haka ba baƙon abu nake nema ba. A fassara kowace ƙa'ida da Hausar da ake ji, boko da ajami, a manna a ƙofar sakatariya da ofishin sarkin kasuwa da tasha da gidan mai unguwa, a karanta ta a rediyo sau da yawa, a sa limamai su ambata bayan sallar Juma'a in ta shafi kowa. Muna da Jami'ar Bayero da masana fassara a cikinta, aikin ba zai gagara ba. Kuma a rubuta a cikin dokar cewa ƙa'idar da ba a buga ta haka ba, ba a cin kowa tara a kanta. Wannan sharaɗin shi zai sa hukumomi su ɗauki bugawar da muhimmanci.

Tara kuma ta zama sananniya, laifi kaza naira kaza, ba ciniki. A biya ta asusun gwamnati, a ba da rasit mai lamba, kayan da aka ƙwace a rubuta su ɗaya bayan ɗaya a ba mai su kwafi. Karon farko a ƙananan laifuka ya zama gargaɗi a rubuce. Wanda bai yarda ba ya san ɗakin da zai je da ranar da za a saurare shi, a gaban wanda ba shi ya kama shi ba.

Wannan kariya ce ga jami'an su ma. Yaran nan da ke tsaye a rana tun safe a Ƙofar Nasarawa da Dangi 'ya'yanmu ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma sun rage mana cunkoson da muka sani a da. Idan aka tura yaro titi da umarnin baki, shi ake zagi, shi ake duka, in abu ya ɓaci kuma shi ake kora. Mai takarda a hannu yana iya nuna wa direba sashe da adadin tara, gardama ta mutu a nan.

Ba sai an jira sabuwar doka ba kafin a fara. Kwamitocin majalisa suna da ikon kiran kowace hukuma. A rubuta wa waɗanda na ambata da ƙananan hukumomi takwas ɗin nan, kowa ya kawo duk ƙa'idar da yake kama mutane da ita a yau, da dokar da ta ba shi ikon, da jadawalin tararsa. Wadda aka samu da tushe a haɗa ta cikin littafi ɗaya a buga, wadda ba ta da shi a dakatar da ita har a gyara. Ina roƙon ka sa wa wannan aiki rana, ka kuma faɗe ta a zauren majalisa yadda za mu ji, domin mu zo mu zauna a kujerun baƙi ranar da za a karanta rahoton.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin ƙaramar hukumar Gwale, Kano.